Me ya sa kantin magani a Amurka ya ƙi haɗa wa ofishin likita magani sai da sunan majiyyaci?

Tambaya

Wata likitar fata, 'yar ƙasarmu Najeriya da ba ta jima da kama aiki a wani ƙaramin asibiti a Amurka ba, ita ce ta aiko da tambayar. Ta nemi wani kantin haɗa magani ya haɗa mata 'yan kwalabe na man kashe zafi, irin wanda ake shafa wa mutum kafin a yi masa ƙaramin aiki a fata, don ta ajiye a ofis ta riƙa shafa wa duk wanda ya zo. Kantin ya ce sam, sai dai ta riƙa aiko da takardar magani mai ɗauke da sunan kowane majiyyaci. Ta duba dokar jiharta, ta ga ba ta hana ba. Wani abokin aikinta kuma ya ce mata ta huta da wahala, ta kwaso sunayen waɗanda za su zo mako mai zuwa ta tura, idan magani ya iso ta shafa wa kowa. Tana so ta san ko kantin ne ke da taurin kai ko kuwa doka ce, sannan me ya dace ta yi.

Amsa

Dakta, sannu da aiki. Mutanen kantin nan ba taurin kai suka yi miki ba, lasisinsu suke karewa. Shawarar abokin aikinki kuwa, ki bar ta inda kika ji ta. Zan zo kanta, domin dabarar nan tana cikin abubuwan da aka baje a gaban alƙali a shari'a mafi girma da sana'armu ta haɗa magani ta taɓa gani a nan Amurka.

Abin da ya rikita ki shi ne hukuma biyu ce a kan kantin. Jiha ce ke ba shi lasisi, ta hannun hukumar masu haɗa magani ta jihar, kuma akwai jihohin da har yanzu ƙa'idarsu ta yarda a haɗa wa likita ɗan magani ya ajiye a ofis. Amma shi maganin kansa yana ƙarƙashin dokar tarayya ta abinci da magunguna ta 1938, wadda hukumar FDA ke zartarwa. A wajen FDA, duk abin da aka haɗa a kanti sabon magani ne da ba a tantance ba. Ba a gwada shi a jikin mutane ba, ba a duba inda aka yi shi kamar yadda ake duba masana'anta ba, ba wanda ya sa hannu a takardar bayaninsa. Da za a bi wannan tsantsa, da babu mai narka wa jariri maganin da kamfani ya yi shi ƙwaya kaɗai, babu mai cire wa mai borin jini rinin da jikinsa ba ya so. Shi ya sa aka bar ƙofa, wato sashe na 503A. Wannan sashe ya yafe wa kanti abubuwa uku: neman amincewar FDA kafin sayarwa, bin ƙa'idojin masana'anta, da rubuta cikakken bayanin amfani a jikin kwalba. Yafiya ce babba, kuma ba kyauta ba ce. Kuɗinta shi ne sharaɗin da suka karanta miki, a haɗa maganin don wani majiyyaci takamaimai bisa takardar likita. In babu suna yafiyar ta faɗi, kwalbar ta koma maganin da ba a amince da shi ba, ko da jiha ta ce ba komai.

Na san abin da za ki ce, kuma gaskiyarki: sunan majiyyaci ba ya kashe ƙwayar cuta. Kwalbar da aka rubuta wa suna da wadda ba a rubuta wa ba, hannu ɗaya ya haɗa su, a ɗaki ɗaya. Aikin sunan daban ne, birki ne. Muddin sai takarda ta zo kafin magani ya fita, to akwai iyakar abin da kanti zai haɗa, da iyakar kwanakin da zai yi a ajiye, kuma in wani abu ya ɓaci an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Uwargida in tukunyarta ta lalace, mutanen gidanta ne za su kwana da ciwon ciki. Mai girkin biki in tata ta lalace, unguwa guda ce za ta kwana a asibiti. Da zarar an cire suna, zubi ɗaya yana iya zama kwalba dubu, ya tsallaka jihohi, ya yi watanni a firij ɗin da babu mai duba sanyinsa, a tsira wa mutanen da ba a rubuta ko'ina cewa daga wannan zubin aka ɗebo musu ba. Wanda ke yin haka masana'anta yake yi, sai dai yana riƙe da lasisin kanti. Duk rigimar da ake yi tun shekarun 1990 a kan wannan take: ina kanti ya ƙare, ina masana'anta ta fara?

Majalisa ta kafa sashe na 503A a 1997, amma ta cusa masa wani sharaɗi da ya hana kantuna tallata magungunan da suke haɗawa. Masu kantuna suka kai ƙara, a 2002 Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin tallan, ta ce ya taka 'yancin faɗar albarkacin baki. Sai aka shiga ruɗu. Kotun ɗaukaka ƙara ta yammacin ƙasar ta riga ta ce in sharaɗin ya faɗi, sashen gaba ɗaya ya faɗi. A 2008 wata kotun ɗaukaka ƙarar, wadda Texas ke ƙarƙashinta, ta ce a'a, sauran sashen yana nan daram. Aka wayi gari doka ɗaya tana raye a wani yanki, ta mutu a wani. FDA na jan ƙafa, jihohi na ganin aikin FDA ne, manyan kantuna kuwa suna ta girma a tsakani.

A nan kamfanin New England Compounding Center, wanda ake kira NECC, ya samu wurin shaƙatawa. A garin Framingham na jihar Massachusetts yake, lasisinsa na kantin magani ne. A 2012 ya haɗa allurar methylprednisolone, wadda ake yi wa masu ciwon baya a kusa da laka, kuma ya haɗa ta ba tare da sinadarin hana lalacewa ba, domin likitoci ba sa son wannan sinadarin a kusa da jijiya. Zubi uku kawai, amma kwalabe sun haura 17,000, aka raba su a jihohi 23. Kusan mutum 14,000 aka yi wa allurar. A watan Satumba wata likita a Tennessee ta ga funfuna a ruwan lakar wani majiyyacinta mai sanƙarau, abin da ba a saba gani ga mai ƙarfin garkuwar jiki ba, ta bi diddigi har ta gano an yi masa allura a baya, ta sanar da hukumar lafiya ta jiha. Ƙididdigar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta tsaya a mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, 64 suka rasu. Daga baya masu gabatar da ƙara sun ce mamatan sun haura 100. Michigan ce ta fi jin jiki.

Rahoton masu binciken FDA da suka shiga wurin a watan Oktoba, duk mai haɗa allura ya kamata ya karanta shi. A cikin wani kwando mai kwalabe 321 na ɗaya daga zubin, 83 ana ganin wani abu baƙi-baƙi mai ratsin kore a cikinsu, da ido, ba da madubin ƙara girma ba. Na'urar sanyaya ɗakin haɗa allura ana kashe ta kullum daga ƙarfe 8 na dare zuwa 5:30 na asuba, alhali ɗaki irin wannan iskarsa ba a barinta ta tsaya. A maƙwabtaka kuma akwai wurin sarrafa tsofaffin katifu da robobi. An kuma samu cewa sukan tura magani kafin sakamakon gwajin tsafta ya fito.

To ga inda shawarar abokin aikinki ta shigo. Dokar Massachusetts ta ce sai da takardar majiyyaci, don haka NECC yana buƙatar sunaye don ya ci gaba da fakewa da sunan kanti. Sai 'yan tallansa suka riƙa cewa asibitoci su aiko da jerin sunaye, ko wanne iri. Wasu suka tura na tsofaffin majiyyata, wasu suka ƙirƙira. A takardun da aka kai kotu akwai sunayen fitattun mawaƙa, da na 'yan wasan talabijin, har da wani "majiyyaci" mai suna Filet O'Fish, wato burodi da kifi na McDonald's. Tun a 2011 jihar Colorado ta umarci kamfanin ya daina turo mata magani babu takardun majiyyata, a tsakiyar 2012 kuma ta sanar da hukumar Massachusetts cewa bai daina ba. Ba a yi komai ba sai da gawarwaki suka fara fita, aka kori shugaban hukumar. Barry Cadden, shugaban kamfanin, an yanke masa shekara 9 a 2017, aka mayar da ita 14 da rabi a 2021. Ki lura, tura sunayen mutanen gaske ba ya wanke ki. Idan kika rubuta takarda da sunan Malam wane, kina sane da cewa kwalbar za ta shafi mutum goma, takardar ƙarya ce, kuma sa hannunki ne a kanta. Sannan kin saka a tarihin lafiyar mutum maganin da wataƙila bai taɓa gani ba.

Bayan wannan musiba ne Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar doka ranar 27 ga Nuwamba, 2013. Ta cire sharaɗin tallan da kotu ta soke, ta tabbatar da 503A a duk faɗin ƙasar, sannan ta buɗe ƙofa ta biyu, sashe na 503B. Mu a wurin aiki "gidajen 503B" muke ce musu. Su an yarda su haɗa da yawa, su sayar wa asibiti ko ofishin likita ba tare da sunan kowa ba. Amma yafiyar ƙa'idojin masana'anta ba ta shafe su ba. Suna rajista da FDA duk shekara, suna biyan kuɗin da ya fara daga dala 15,000 ana ƙara shi gwargwadon tsadar rayuwa, FDA na shiga ta duba su, duk wata shida suna kai rahoton abin da suka haɗa, in magani ya yi wa wani mummunar illa dole su sanar. A jikin kwalbarsu za ki ga an rubuta cewa haɗaɗɗen magani ne, ga lambar zubi, ga ranar haɗawa da ranar ƙarewar wa'adi, ga gargaɗin cewa ba na sake sayarwa ba ne, na amfani a ofis ne kawai. Wato dokar ba ta haramta ajiye magani a ofis ba, ta canza wanda zai haɗa shi ne.

A Disambar 2016 FDA ta fitar da matsayarta ta ƙarshe a rubuce, ta rufe sauran muhawara daga ɓangarenta: kantin 503A ba zai saki magani ba sai takarda mai suna ta iso. Yana iya haɗawa ya ajiye kafin takardar ta zo, gwargwadon abin da ya saba fitarwa cikin kwana 30, amma kwalbar ba za ta bar kantin ba. Wannan matsayar ce mai kantinki ke tunawa lokacin da ya ce miki a'a.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, likitocin da ke ƙorafi suna da hujja, kuma ku likitocin fata kuna sahun gaba. Ɗauki cantharidin, da ake ɗiga wa yara a kan ƙurajen molluscum. Shekara da shekaru babu na kamfani, sai a 2023 FDA ta amince da wani mai suna Ycanth. Kafin nan uwa za ta kawo yaro, likita ya duba, ya rubuta takarda, a jira kanti, a sake ɗauko yaro daga makaranta a dawo, don ɗigo biyu na maganin da bai kamata ma a ba uwa ta riƙe a jaka ba, domin yana tayar da bororo a fata. Na likitocin ido ya fi wannan tsanani. Mutum ya zo da ciwon da ya shiga cikin ƙwayar ido bayan tiyata, ana bukatar a tsira masa vancomycin da ceftazidime a cikin idon cikin sa'o'i, in an yi jinkiri gani ya tafi. Irin wannan ba a san sunan mai shi ba sai ya shigo. A ce a saya daga gidan 503B? Ga FDA amsa ce mai sauƙi. Amma gidajen nan 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da dubban kantunan da ke haɗa magani, kuma kowane zubi sai sun yi masa gwaje-gwaje masu tsada, don haka sun fi son cika wa manyan asibitoci sirinji dubu-dubu. Ke mai neman kwalba shida ta man shafawa, ko su ce ba sa yi, ko su ce sai kin sayi adadin da zai lalace a hannunki. Doka ma cewa ta yi gidan 503B shi ne mai haɗa magungunan da babu ƙwayar cuta a cikinsu, irin su allura. Man shafawa ɗan rakiya ne a wurinsu.

'Yan majalisa sun ji wannan kuka. A 2017 Morgan Griffith na Virginia da Henry Cuellar na Texas sun gabatar da ƙudirin da zai bar kantuna su haɗa na ofis inda dokar jiha ta yarda, amma bai zama doka ba. Ita kanta FDA a Afrilun 2020, da korona ta cika asibitoci magungunan masu numfashi da na'ura suka yi ƙaranci, ta sassauta na ɗan lokaci, ta bar kantunan 503A su ba asibitoci wasu magunguna babu suna, bisa sharuɗɗa. Wannan ya nuna ita ma ta san sunan awo ne da ake iya ɗagawa.

Kada dai ki ɗauka man da kike nema ba shi da haɗari don ba allura ba ne. Yawanci benzocaine da lidocaine da tetracaine ake gwamawa, da ƙarfin da ya wuce na kamfani nesa. A Disambar 2006 FDA ta gargaɗi kantuna biyar kan irin wannan man, kuma NECC na cikinsu, shekara shida kafin sanƙarau. Dalili shi ne wasu 'yan mata biyu, masu shekara 22 da 25, an ba su man su tafi da shi gida kafin a cire musu gashin ƙafa da na'urar leza. Suka shafe ƙafafu, suka naɗe da leda don ya kama sosai, maganin ya ratsa fata ya shiga jini, suka kama farfaɗiya, suka suma, ba su tashi ba. Abin lura a nan shi ne man ya fita daga ofis ya shiga hannun wanda bai san iyakarsa ba. Shi ya sa ko a jihohin da suka yarda da na ofis, yawanci sharaɗin shi ne likita ya yi amfani da shi a ofis, kada ya ba majiyyaci ya tafi da shi.

Haka kuma rajistar 503B ba shaidar tsarki ba ce. FDA ba ta tantance maganinsu ɗaya bayan ɗaya, wurin take dubawa, shi ma ba kullum ba. A Fabrairun 2016 wani gidan 503B a Indiana mai suna Pharmakon ya tura wa asibiti allurar morphine da ƙarfinta ya kusan ninka abin da aka rubuta sau 25, aka yi wa jarirai uku, Allah ya sa suka rayu. Shugaban kamfanin ya tafi gidan yari, domin an gano sun sha samun sakamakon gwaji da ke nuna ƙarfin magani bai yi daidai ba suna yin shiru. PharMEDium, wanda yake cikin manya-manyansu, rufe shi aka yi a 2020 bayan doguwar takaddama da FDA kan tsafta.

Abin da ya fi damuna ma ba kanti ba ne, ba gidan 503B ba ne. Ɗakin baya ne. Idan kanti ya ƙi, gidan 503B ya yi tsada, sai likita ya ce wa ma'aikaciyar jinya ta haɗa a ofis. An taɓa gayyata ta duba ajiyar magunguna a wani ƙaramin asibiti. Na buɗe firij, ga sirinji jere a cikin kofin roba, lidocaine ce da aka sirka da bicarbonate don rage zafin tsira, an manna wa kofin filasta an rubuta "Litinin" da biro. Wace Litinin? Babu wanda ya iya cewa. A saman shiryayyen kuma ga abincin ranar wani. Kwatanta wannan da inda muke haɗa allura: sai ka wanke hannu har gwiwar hannu, ka rufe gashi da gemu da takalmi, ka sa safar hannu ka fesa mata barasar asibiti, ka yi aiki a cikin akwatin da iska tatacciya ke busowa ba tsayawa, inda ƙurar da aka yarda da ita ba ta wuce ƙwaya 3,520 a kowace kyubik mita ta iska ba. Duk da haka, a ƙa'idar USP, kundin ƙa'idojin magunguna na Amurka, babi na 797 da sabuntawarsa ta fara aiki a Nuwamban 2023, allurar da aka haɗa a irin wannan akwati amma ba a cikin cikakken ɗakin tsafta ba, wa'adinta sa'a 12 ne a waje, 24 a firij. Wadda aka haɗa a kan teburin ofis don amfanin nan take kuwa, dole a fara yin ta cikin sa'a 4. Dokar da aka yi don kare mutane, in ta tura aikin daga hannun wanda ya koye shi zuwa kofin roba, to a nan ta yi hasara.

In da ni ake tambaya yadda ya kamata a tsara abin, ba zan taɓa shingen allura ba. Duk abin da zai shiga laka, ko ido, ko jijiya, ko gaɓa, kuma za a haɗa shi da yawa a ajiye, wurinsa gidan 503B, ko ana so ko ba a so. Amma zan buɗe 'yar taga ga magungunan shafawa da 'yan magungunan gaggawa da aka lissafa da sunansu: adadi kaɗan, wa'adi gajere, kanti da likita a jiha ɗaya, a yi amfani da shi a ofis, likita kuma ya mayar wa kanti da sunayen waɗanda aka yi wa bayan 'yan kwanaki. Ta haka birkin yana nan, sawun yana nan, yaro bai zo sau biyu ba. Wasu abokan sana'ata za su ce ko ƙaramar taga ce, da sannu za ta zama ƙofa, kuma tarihin NECC yana bayansu. Ina girmama wannan tsoron. Ni dai a ganina abin da ya kashe mutane a 2012 ba rashin doka ba ne kaɗai, dokar suna tana nan a Massachusetts, masu duba ta ne suka yi barci.

Mu da muka taso a Najeriya ba baƙin wannan darasi ba ne. A 1990 yara da dama sun mutu a Jos da Ibadan bayan shan ruwan paracetamol da aka haɗa da diethylene glycol a maimakon sinadarin da ya dace, irin gubar da ta kashe mutum sama da 100 a Amurka a 1937 har ta haifar da dokar 1938 da na ambata. NAFDAC ta zo ne a 1993, bayan wancan. Ganga ɗaya ta gurɓataccen sinadari ta isa, in dai an raba abin da aka haɗa da ita ba tare da an san inda ya shiga ba.

Yanzu abin yi. Fara da tambayar kanki ko lallai sai haɗaɗɗe. Akwai mayukan kashe zafi na kamfani da FDA ta amince da su, irin na lidocaine da prilocaine, da na lidocaine da tetracaine, waɗanda za ki saya ki ajiye a ofis ba tare da wata takarda ba. Ga yawancin ƙananan ayyukan fata sun wadatar, sai dai ki ba su lokacinsu su kama. In kuwa akwai aikin da ba sa isa, kuma kin san majiyyacin tun kafin ranar, ai hanyar kantinki a buɗe take: ki rubuta takarda da sunansa, a kawo maganin ofis, a shafa masa shi kaɗai, ragowar a zubar. In kuma dole sai na ajiya, to ki shiga shafin FDA na intanet, akwai jerin gidajen 503B da ranar da aka duba kowanne, da ko an rubuta masa laifi, da ko an aika masa takardar gargaɗi. Ki karanta abin da aka rubuta musu, kada ki tsaya a kan kalmar ɗan talla. Ki tambaye su takardar gwajin zubin da za su aiko miki, ki tabbatar suna da lasisin turo magani jiharki, domin jihohi da yawa suna neman nasu daban. In adadin da suke sayarwa ya fi ƙarfinki, ki tambayi wani gidan, amma kada ki saya ki raba da wani asibitin, sake sayarwa ke nan kuma an hana.

Ki kuma kira hukumar masu haɗa magani ta jiharki da ta likitoci, ki nemi amsa a rubuce, domin ƙa'idojin jihohi suna sauyawa, abin da kika karanta yana iya zama tsoho. Kamfanin inshorar da ke kare ki daga ƙarar majiyyata ma ki tambaye shi ko ya rufe haɗaɗɗen magani.

Ranar da kwalaben suka iso, ki buɗe musu littafi. Ranar karɓa, lambar zubi, ranar ƙarewar wa'adi, sannan duk wanda aka shafa wa a rubuta lambar zubin a fayil ɗinsa, tare da yawan abin da aka shafa da faɗin wurin. In akwai na firij, a sa ma'aunin sanyi a riƙa rubutawa kullum, abincin ma'aikata kuma ya nemi wani firij ɗin. Idan wani ya samu illa, ki sanar da gidan da ya haɗa, ki kuma cike takardar MedWatch, ta kai wa FDA rahoton illar magani, sauran kwalaben zubin ki ware su gefe, kada ki zubar, za a buƙace su don gwaji.